Fort Jesus na Mombasa: Ganuwar da Ta Zama Kurkuku, Ta Koma Gidan Tarihi

A gabashin tsibirin Mombasa na ƙasar Kenya, daidai bakin mashigin da jiragen ruwa ke bi su shiga tsohuwar tasha, akwai wani ƙaton gini mai launin ƙasa-ƙasa da ke zaune a kan dutsen murjani. Turawa suna kiransa Fort Jesus. Mutanen gari, masu jin Swahili, Ngome kawai suke cewa, wato ganuwa. Yau sai ka sayi tikiti a ƙofa ka shiga, ɗan jagora yana gabanka yana nuna maka igwa da rijiya da ɗakin albarushi, 'yan makaranta kuma suna ta ɗaukar hoto. Tsakanin 1631 da 1875 wannan gini ya sauya hannu sau tara. Abin da ya ja hankalina ga labarinsa shi ne cewa an gina shi don ya tare abokin gaba da zai zo ta teku da igwa, amma kusan duk faɗuwar da ya yi ba ta wannan hanya ta zo ba.

Dalilin gina shi

Vasco da Gama ya iso Mombasa a 1498 yana neman hanyar Indiya. Bai ga fuska ba, sai ya wuce Malindi, inda sarkin garin, wanda dama ba ya ga maciji da Mombasa, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Daga nan gaba ta ƙullu. Turawan Fotugal sun ƙone Mombasa a 1505, suka sake a 1528, amma ba su zauna ba. Sukan yi ɓarna su koma jiragensu.

Abin da ya sauya musu tunani Baturke ne. Mir Ali Bey, wani kwamandan jiragen ruwa na Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya gangaro daga Bahar Maliya a 1585, garuruwan gaɓar suka yi masa maraba don sun gaji da harajin Fotugal. Ya dawo da ƙarin jirage bayan shekara uku, ya kafa sansani a Mombasa. A 1589 rundunar Fotugal daga Goa, cibiyar mulkinsu a Indiya, ta ci shi da yaƙi, a daidai lokacin da mayaƙan Zimba, wasu mahara daga cikin nahiyar, suka taso wa garin ta tudu. Turawan suka gane cewa muddin wannan tasha tana buɗe, wata rana wani zai zauna a cikinta ya datse musu hanyar da ke tsakanin Mozambik da Goa. Sarki Filibus na biyu na Sifen, wanda a lokacin shi ke riƙe da sarautar Fotugal, ya ba da umarnin a gina ganuwa. Aka fara a watan Afrilun 1593 ƙarƙashin kyaftin Mateus Mendes de Vasconcelos, aka kammala ainihin ginin a 1596. Sarkin Malindi, abokin tafiyarsu, aka ɗauko shi aka naɗa shi sarkin Mombasa.

Wanda ya zana ginin ɗan Italiya ne, Giovanni Battista Cairati, babban mai zanen gine-ginen Fotugal a Indiya. Idan ka dube shi daga sama, ginin kamar mutum ne kwance, kai wajen teku, hannuwa da ƙafafu a miƙe. Gaɓoɓin nan huɗu su ne tungayen da ke kusurwoyi, kowace da sunan waliyyin Kirista: São Matias da São Mateus suna fuskantar ruwa, São Filipe da São Alberto suna fuskantar tudu. Ba ado ba ne. A zamanin igwa, doguwar katanga miƙaƙƙiya ba ta da amfani sosai, don duk wanda ya iso gindinta ya tsira daga harbin na sama. Shi ya sa aka turo tungayen waje, aka lanƙwasa gefensu, ta yadda igwar da ke ɓoye a kusurwar wannan za ta share gindin waccan. Ƙasan katangar ma ba gini ba ne, dutsen murjanin wurin ne aka sassaƙe, aka haƙa gwalalo marar ruwa a kewaye, dutsen da aka ciro kuma aka yi gini da shi. Maginan da lebarorin yawancinsu mutanen gaɓar ne. Duka filin, har da gwalalon, hekta 2.36 ne.

A takarda, babu abin da za a ce. Matsalar tana wajen iska. Jiragen wancan zamani da iskar yanayi suke tafiya: kaskazi, mai busowa daga arewa maso gabas daga wajen Disamba zuwa Maris, ita ke kawo jirage daga Indiya da ƙasar Larabawa, kusi kuma, iskar da ke busowa daga kudu, ita ke mayar da su daga Afrilu. Ma'ana, in aka kewaye ganuwar bayan kaskazi ta ɗauke, sojan da ke ciki zai iya yin watanni tara bai ga ɗauki daga Goa ba. Abinci kuwa daga gari da ƙauyukan tudu yake zuwa. Wanda ke cikin Ngome, komai kaurin katangarsa, cikinsa yana hannun mutanen waje.

Ta ƙofa aka fara shiga

Faɗuwar farko ba a harba igwa ko ɗaya ba. Sarkin Mombasa Hasan bin Ahmad ya samu saɓani da kyaftin ɗin ganuwar a kan kuɗin fito da iko, ya gudu tudu, zuwa Rabai, aka saye waɗanda suka ba shi mafaka suka kashe shi a 1614. Ɗansa Yusuf, yaro ƙarami, aka kai shi Goa, limaman Kirista suka rene shi, aka yi masa baftisma da suna Dom Jerónimo Chingulia, aka aura masa mace daga cikin mutanen Fotugal, sannan aka dawo da shi Mombasa a matsayin sarki. Turawan suna ganin sun samu nasu. Sai labari ya kai kunnen kyaftin Pedro Leitão de Gamboa cewa ana ganin sarkin yana zuwa kabarin mahaifinsa yana addu'a irin ta Musulmi. Yusuf ya san abin da ke jiran wanda aka tura Goa da irin wannan tuhuma. A tsakiyar watan Agustan 1631, lokacin wani bikin coci, ya shiga ganuwar da mutanensa kamar mai ziyara, aka kashe kyaftin ɗin a nan take. A kwanakin da suka biyo baya aka hallaka Turawan garin da Kiristocin da suka ƙi barin addininsu, har da mata da yara. Babu yadda za a wanke wannan, kamar yadda babu yadda za a wanke abin da aka yi wa ubansa.

Rundunar da aka aiko daga Goa a farkon 1632 ta yi watanni tana fama, ta kasa karɓar ganuwar, ta juya. Wannan shi ne karo na farko da aka gwada zanen Cairati da gaske, kuma ya yi aiki, sai dai a kan masu shi ya yi. Yusuf da kansa ya bar garin a cikin shekarar, ya koma yawon teku yana kai hare-hare har ya mutu a yankin Bahar Maliya a 1638. Turawan suka dawo suka tarar da kango. Sabon kyaftin, Francisco de Seixas de Cabreira, ya gyara ginin, ya ƙara masa ƙofar waje, ya kuma sa aka sassaƙa rubutu a samanta yana lissafa garuruwan da ya ladabtar, har da faɗin shekarunsa, ashirin da bakwai. Rubutun yana nan har yau. Ta ƙarƙashinsa kowane mai tikiti yake wucewa.

Wata talatin da uku

Larabawan Oman sun kori Fotugal daga Maskat a 1650, suka kuma bi su har gaɓar Afirka, sau da yawa bisa gayyatar garuruwan Swahili. A watan Maris na 1696 jiragen Imam Saif bin Sultan suka iso Mombasa, a ƙarshen kaskazi, lokacin da ya fi kowane muni ga na ciki. Mutane kimanin 2,500 suka ɗuru cikin ganuwar da gwalalonta. Turawa a cikinsu ba su kai ɗari ba; sauran Waswahili ne masu goyon bayansu, da mata da yara.

Omaniyawan ba su da manyan igwa da za su fasa katangar, don haka suka zauna suka jira. Yunwa ta fara aiki. Ɗauki ya iso a ƙarshen Disamba, amma annoba ta ɓarke a ciki, ta fi takobi ɓarna. Kafin ƙarshen Agustan 1697, Turawan da ke ciki sun mutu ƙurmus. Nan ne labarin ya ɗauki wata fuska da ba kasafai ake tsayawa a kanta ba: wanda ya riƙe ganuwar Sarkin Fotugal na tsawon makonni Musulmi ne, Bwana Daud na gidan sarautar Faza, wani gari a tsibirin Pate da ke arewa, da 'yan tsirarun maza da mata wajen hamsin da aka koya wa riƙe bindiga. Duk mai son ya mayar da tarihin wannan gini yaƙin Musulmi da Kirista zalla, sai ya yi bayanin Bwana Daud. Rigimar garuruwan gaɓar da junansu, Faza da Pate, Malindi da Mombasa, ta girmi zuwan Bature, kuma kowa yana neman baƙon da zai jingina da shi.

A watan Satumba wani ɗauki ya zo daga Mozambik. Babban jirginsu, Santo António de Tanná, ya tsinke daga anga ƙarƙashin ruwan wuta, ya nutse dab da gindin ganuwar a watan Oktoba. Aka sake shekara guda ana mutuwa a hankali. Ranar 13 ga Disamba 1698 Omaniyawa suka kafa tsani da dare suka haura; waɗanda suka tarar a raye ba su fi mutum goma sha ba. Bayan 'yan kwanaki rundunar Goa ta iso, ta hango jar tutar Oman a sama, ta juya.

Fotugal ta sake samun ganuwar a 1728, da taimakon sarkin Pate, bayan rikici ya ɓarke tsakanin sojan da ke ciki. Ba su yi shekara biyu ba. Suka koma halinsu na takura wa 'yan kasuwa, mutanen gari suka tashi suka datse musu abinci, a Nuwamban 1729 suka fita, fitar da ba su sake dawowa ba.

Zamanin Mazrui

Nan ne zangon da ya fi tsawo a rayuwar ginin a matsayin gidan mulki, amma shi ne baƙo ya fi saurin wucewa. Oman ta naɗa gwamna daga gidan Mazrui, Muhammad bin Usman. Da mulki ya sauya a Oman ya koma hannun gidan Busa'idi, sai Muhammad ya ƙi yin mubaya'a, yana ganin shi da sabon mai mulkin duk gwamnoni ne, babu wanda ya fi wani. A 1746 aka aiko mutane suka shiga wurinsa da sunan masu neman mafaka, suka kashe shi a cikin ganuwar. Ta ƙofa kuma. Ɗan'uwansa Ali ya tsere, ya tara mutanen gari da na tudu, ya karɓe ta a shekarar da ta biyo.

Kusan shekara casa'in Mazrui suna mulkin Mombasa daga cikin Ngome. Sun ƙara tsayin katanga, suka gina gidaje da zauren karɓar baƙi wanda aka ƙawata katakon rufinsa da rubutun Larabci, aka haƙa rijiya mai zurfi don kada a dogara da tankin ruwan sama na Turawa. Da Sayyid Sa'id na Oman ya matsa musu, suka roƙi wani kyaftin ɗin jirgin Ingila, William Owen, ya kafa musu tutar ƙasarsa. Ya yi hakan a 1824 ba da izinin gwamnatinsa ba, aka sauke ta a 1826. Sayyid Sa'id ya kawo hari fiye da sau ɗaya. A 1828 ya sa sojansa a ciki, Mazrui suka kewaye su har yunwa ta fito da su. Abin da ya ba shi nasara a 1837 shi ne rabuwar kan gidan Mazrui a kan gadon sarauta, da kuma juya bayan wani ɓangare na ƙabilu goma sha biyu na Waswahilin garin. Da ɗan gari akan ci gari. Aka kama manyan gidan aka tura su Bandar Abbas, da yawansu can suka ƙare.

Sau ɗaya tak igwar jirgin ruwa ta yanke hukunci. A Janairun 1875 kwamandan ganuwar, Muhammad bin Abdullahi, wanda aka fi sani da al-Akida, ya yi wa Sarkin Zanzibar Barghash, ɗan Sayyid Sa'id, tawaye. Jiragen yaƙin Ingila biyu, Nassau da Rifleman, suka tsaya daga nesa suka yi mata luguden wuta na 'yan sa'o'i, ya miƙa wuya. Shekara 280 bayan zanen Cairati, makamai sun riga sun wuce katangar murjani.

Daga gandiroba zuwa ɗan jagora

Da Ingila ta ayyana mulkinta a kan yankin a ranar 1 ga Yulin 1895, ba ta da bukatar ganuwa a nan. Manyan jiragen tururi sun koma Kilindini, tasha mai zurfi a ɗaya gefen tsibirin, inda layin dogon Uganda ya taso a 1896. Amma gini mai kauri, mai ƙofa ɗaya, kewaye da rami, bai rasa aiki ba. Aka rushe bukkokin sojan Zanzibar da iyalansu, aka gina ɗakunan fursuna. Shekara sittin da uku Ngome yana gidan yari. A ganina wannan ƙasƙanci shi ya cece shi. Ginin da gwamnati ke amfani da shi ana toshe masa ɓaraka, ana gadinsa, ba mai zuwa ya kwashi dutsensa ya yi gida.

A 1958 aka kwashe fursunonin zuwa gidan yarin Shimo la Tewa a arewacin gari, aka ayyana Fort Jesus a matsayin gandun ƙasa a watan Oktoba. Kalmar tana iya ruɗar mai karatu, don babu zaki ko giwa a ciki. Dokar gandun daji ta Kenya ta wancan lokaci ita ce ta rufe har da kufai da wuraren tarihi, shi ya sa kufan garin Gedi ma da wannan suna aka kare shi tun 1948. Mai kula da Gedi, masanin tona tarihi James Kirkman, shi aka ɗora wa aikin. Ya yi ta haƙa daga 1958 har 1971. Ya rushe yawancin gine-ginen kurkuku, ya kwashe tarin ƙasa da shara na ƙarnoni, ya fito da harsashin cocin Turawa da tankin ruwa da hanyoyin da aka sassaƙa cikin dutse zuwa bakin teku. An gano zane-zanen da wasu sojoji ko matuƙan Fotugal suka yi da gawayi a jikin bango a farkon ƙarni na 17: jirage, coci, kifi, mutane da takubba, har da hawainiya. A wurin da barikin soja yake aka gina zauren nuna kaya, aka buɗe wa jama'a a farkon shekarun 1960.

Kuɗin gyaran, fam 30,000, daga Gidauniyar Calouste Gulbenkian ta birnin Lisbon ya fito. Nan akwai abin dubawa. A 1960 Fotugal tana riƙe da Mozambik da Angola da Goa, tana kuma bikin tunawa da zamanin da jiragenta suka buɗe hanyoyin teku. Babban minista daga gwamnatin Salazar, mai mulkin Fotugal a lokacin, ya zo Kenya don buɗe wurin, masu fafutukar 'yanci suka nuna ƙin amincewa. Mai biyan kuɗi yana da labarin da yake so a ji, mai haƙa kuma dole ya zaɓi wane zamani zai tsaya a kai, don ba a fito da bene na ƙasa sai an cire na sama. Aka zaɓi na Fotugal. In ka ƙirga, Turawan Fotugal sun riƙe ginin shekara ɗari da 'yan kai. Omaniyawa da Mazrui da Zanzibar sun riƙe shi kusan ɗari biyu. Gandirobobin Ingila sittin da uku. Amma sunan da tungayen da labarin da ake fara ba baƙo duk na farkon ne. Zamanin kurkuku, wanda kakannin mutanen Mombasa na yau suka sani da idonsu, shi ya fi shan gatari. Ban ce Kirkman ya yi ɓarna ba. Ba don shi ba da yawancin abin da aka sani game da ginin yana binne. Sai dai gyaran wurin tarihi shi ma hukunci ne, kuma wani ne ya yanke shi.

Kayan da ke cikin zauren sun ɗan gyara wannan karkata da kansu. Tangaran ɗin Sin, da kwanonin Farisa, da tukwanen gida da aka tono a nan da sauran kufan gaɓar suna nuna cewa kasuwancin Tekun Indiya ya daɗe yana gudana kafin da Gama. Akwai sashen al'adun Mijikenda, mutanen tudu waɗanda hatsinsu da mayaƙansu suka sha yanke wa ganuwar hukunci. Wani gida da ke tungar São Filipe an gyara shi da taimakon gwamnatin Oman, ana nuna tufafi da kayan adon Omaniyawa a ciki. Su ma sun zo sun sa nasu hannun a labarin. Tsakanin 1977 da 1980 masu nutso suka tono Santo António de Tanná daga inda ya kwanta kusan shekara 280, suka fito da tuluna da kayan aikin jirgi da gungumen baƙin katako da ya ɗauko daga Mozambik. A waje kuma, kusa da ƙofa, an girke igwar jirgin Jamus Königsberg da ta jirgin Ingila Pegasus, na Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda ba su da wata alaƙa da ginin illa an rasa inda ya fi dacewa a ajiye su.

Hukumar gidajen tarihi ta Kenya ce ke kula da wurin yanzu. A 2011 UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren gadon duniya, bisa hujjar cewa yana cikin ganuwoyin Fotugal na ƙarni na 16 da suka fi tsira da siffarsu ta asali. Wannan ya ƙara masa baƙi, ya kuma ɗaure hannun masu shi, don duk abin da za a gina kusa sai an duba ko zai taɓa kamannin wurin. An ga haka da aka zo maganar ruwa. Igiyar teku ta daɗe tana cin dutsen murjanin da tungayen gabas ke zaune a kai, tana rarake shi ta ƙasa, har aka fara fargabar wani sashe zai zame. Daga wajen 2017 gwamnati ta shiga gina katangar kankare a cikin ruwa, aka cike tsakaninta da dutsen da ƙasa. Masu kare muhalli da masana tarihi suka yi ƙorafi: cikon ya sauya yadda ginin ke tashi kai tsaye daga teku, ga shi kuma a kusa da inda ragowar jirgin nan take kwance. Hukuma ta ce in ba a yi ba, ginin ne zai tafi. Aka gama katangar, filin da aka samu daga cikon aka mai da shi wurin shan iska, inda mutanen tsohon gari ke fitowa da yamma su zauna suna kallon mashigin.